Zuwa ga Abba, a Filadelfiya ta ƙasar Amurka

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa da fatan kana lafiya, duk gida lafiya lau, sai ƙafar Ummanku da ta sake tashi da shigowar sanyin nan.

Ba zan yi ta kewaye-kewaye ba. Wanda ya dawo daga wajenku makon jiya ya shaida wa Kawunka cewa zangon karatun nan ba ka yi rajista ba, wai mota kake ja dare da rana kana kai wa mutane saƙo. Ban gaya wa Ummanku ba. Kwana uku ke nan ina juya maganar ni kaɗai, shi ya sa na zauna na rubuta, don a waya kana da dabarar kawar da zance.

Ka tuna hoton da ka aiko mini shekararka ta farko, kana tsaye a ƙofar tsohon ɗakin karatun nan na titin Locust? Kai da bakinka ka ba ni labarinsa, ni kuma na je na ƙara bincikawa, ka san halina. Benjamin Franklin, ɗaya daga cikin waɗanda daga baya suka kafa ƙasar Amurka, ya assasa shi a 1731 yana da shekara 25 ne, kusan sa'anka. Maɗaba'a yake aiki, hannu duk tawada, kuma zamansa a makaranta bai wuce shekara biyu ba. Abokan hirarsa ma yawanci masu sana'ar hannu ne. Da farko kowa ya kwaso littattafansa suka tara a ɗaki guda, abin bai yi ƙarko ba, wasu suka lalace, kowa ya ɗauke nasa. Sai suka sake shawara: mutum 50 kowa ya zuba sule 40, fam biyu ke nan, sannan sule 10 duk shekara. Adashe ne dai, sai dai ba mai kwasa. Aka aika Landan aka sayo littattafai, suka iso a 1732. Wanda bai zuba ba ma ana ba shi aro idan ya ajiye jingina.

To ka duba inda adashen ya kai. A 1740 aka mayar da littattafan gidan gwamnatin lardin Pennsylvania, inda Filadelfiya take, a 1773 aka kai su zauren kafintoci, inda shekara guda bayan nan wakilan lardunan Amurka suka taru kan rikicinsu da Ingila, suna kuma amfani da littattafan nan. Yau kusan shekara 300, ƙofar tana buɗe, kai kuma kana wuce ta da kwalin abincin wani a kujerar baya.

Ban raina nema ba, Abba. Da gumin alli na ciyar da ku. Abin da ke hana ni barci shi ne na taɓa ganin wannan hanyar. Baffanka Sale ma zango ɗaya ya ce zai huta. Ka san sauran, ka kuma san abin da Inna ta mutu da shi a ranta. Kuɗin yau da yau daɗi gare shi, yana shigowa kana ƙirgawa, ba ka ankara ba shekara biyar ta wuce, takardun zamanka sun mutu, kunya ta hana ka dawowa, tsoro ya hana ka zama. Wannan nake tsoro, wallahi, fiye da duk abin da ake faɗa a kan ƙasar da kake. Gonar Rafin da aka sayar ba don ka zama ɗan aike aka sayar da ita ba. Kuma wa ya ce ka riƙa turo mana kuɗi? Na roƙe ka? Kowane wata saƙo na shigowa ina ta sa maka albarka a masallaci, ashe karatunka nake ci!

Na sani kana riƙe da ni a kan kabad ɗin littattafaina da nake kullewa kuna yara. Mutum shida muka haɗa kuɗi muka saye su lokacin muna sababbin malamai, amana ce a hannuna, shi ya sa. Wataƙila na tsananta. Da zan sake, da na ba ka makullin.

Idan kuɗin makarantar ne ya gagara, faɗa mini adadinsa, kada ka rage ko sisi. Akwai filin bayan gida, kuma Yayarka ta ce za ta sa hannu. Daina turo komai daga wannan watan. Ka je wurin mai kula da ɗalibai baƙi tun kafin lokaci ya ƙure, ka ji yadda za a gyara, sannan ka kira ni ranar Juma'a bayan an sauko, lokacin Ummanku tana gidan Hajiya.

Ummanku ta ba da yaji da kuka a kawo maka, ta ce ka riƙa rufe kirjinka. Allah ya yi maka albarka.

Mahaifinka.