Babana, ka karanta kafin ka sa hannu a takardar aikin nan

Babana,

Ya aiki ya gajiya? Jamila ta nuna min bidiyon gem ɗin kamfanin naku da ka tura mata, wanda ka saita waya kan tankin kifi sai ga wani dodo ya fito a sikirin yana bin kifayen, kifi na gaske masu rai, duk inda suka juya gem ɗin na biye da su. Ta ce kyamara ce ke ɗaukar abin da ke gabanka sai waya ta ɗora zane a kai, kamar Pokémon Go da aka yi ta haukansa a 2016. Na gane, kuma wallahi ya yi kyau, Allah ya ƙara basira.

Amma na kasa barci. Na Pokémon zane ne, ba ya jin zafi, naku kuwa rai ne da shi. Ranar da kifin ya gaji ya kwanta a ƙasan ruwa gem ya daina daɗi, me ogan naku zai ce ku yi? Tsorona ke nan, don na sa Jamila ta bincika min kuma an riga an yi. A jami'ar Stanford sun yi gem da ƙananan halittun ruwa da sai da madubin likita ake ganinsu, da lantarki suke juya su. A Amurkan dai aka fito da RoboRoach a 2013, a tsoma kyankyaso a ruwan ƙanƙara a datse masa gashin nan biyu na kai a zura wayar lantarki a ciki, sai yaro ya riƙa juya shi hagu da dama da wayar hannu. Kyankyaso ne fa na sani, ni ma ina kashe shi, amma ban taɓa wasa da azabarsa ba! Annabi (SAW) ya hana a mai da abu mai rai abin gwada harbi, ka haddace wannan tun kana ƙarami, ko albashin ya mantar da kai?

Kar ka ce Umma ta fara halin nata. Lokacin da Baffa ya rantse ba za ka karanci kwamfuta ba waye ya tsaya maka? Ban tsaya don ka zama mai tsokanar dabba tana firgita mutane na tara maki ba.

Ban ce ka bar aikin ba ɗana. Ka tambaye su kai tsaye, kyamara kawai za ta kalli kifin ko akwai ranar da za a sa musu haske ko ƙara ko lantarki don su motsa, kuma su rubuta maka amsar cikin takardar. Ka kira ni daren Juma'a in ji da bakinka. Allah ya yi maka albarka.

Ummanka