Wasiƙa Zuwa ga Ummi a Kan Gogen da Ta Aika Gida

Ummi,

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Bayan gaisuwa da fatan kina lafiya, karatu kuma yana tafiya yadda ake so, ina sanar da ke cewa mutanen gida duk lafiya ƙalau suke, kuma mahaifiyarki tana gaishe ki. Na zaɓi in rubuto miki a maimakon in kira, domin maganar da nake tafe da ita a kan rubutu take, kuma ina son ki karanta ta a natse.

Makon jiya, lokacin da Sadiƙu ya faɗa a zaurenmu na WhatsApp cewa babur ɗinsa ya sake lalacewa a hanyar zuwa aiki, kin amsa masa da 'yan hotuna biyu, yatsu a tsuke da kuma goge (🤏🎻). Washegari da safe Gwaggonki ta kira ni tana tambaya, wai me ya kawo goge cikin maganar ɗanta, ko kuwa a Ingila kin fara bin 'yan kiɗa ne? Na yi dariya na kwantar mata da hankali, amma ni kaina ban san abin da kike nufi ba sai da na zaunar da ƙaninki Abba ya warware mini, daga nan na ci gaba da karatu a kai kamar yadda tsohon malami ya saba.

Abin da na fahimta shi ne, a finafinan Turawa akan goga wannan kayan kiɗa nasu idan an zo wurin baƙin ciki, har ya zama alamar ban tausayi. Daga nan Amurkawa suka ƙirƙiro wata zolaya: idan mutum ya cika ƙorafi a kan abin da bai taka kara ya karya ba, sai a murza babban yatsa da manuniya a ce ana goga masa goge mafi ƙanƙanta a duniya, wato tausayin da ya cancanta bai wuce girman wannan goge ba. To, Ummi, abin da kika faɗa wa Sadiƙu ke nan, cewa damuwarsa ba ta kai a kula ta ba. Na san taubashinki ne, kuma tsakanin taubasai akwai wasan da ya fi wannan zafi, ban kuma zo in hana ki wasa da shi ba. Sai dai babur ɗin nan da shi yake neman abin da yake ciyar da iyalinsa, kuma zauren da kika yi wasan akwai mahaifiyarsa a ciki, wadda ta tashi a zamanin da yawancin dattawa ke haɗa goge da wasan bori. Shi ya ga ba'a, ita ta ga abin kunya, alhali ke raha kawai kika yi niyya.

Dalilin wannan saɓani yana cikin asalin hotunan kansu, waɗanda ake kira emoji. Kalmar emoji ta Japananci ce, ma'anarta harafi mai hoto, kuma wani ma'aikaci mai suna Shigetaka Kurita ya zana guda 176 wa kamfanin waya na NTT DoCoMo a 1999. A 2010 ƙungiyar Unicode, wadda ke tsara yadda haruffa ke bayyana a kwamfuta da waya, ta shigar da ɗaruruwan emoji cikin tsarinta, ciki har da goge da jita da begila da fiyano da makirufo. Abin lura a nan shi ne aikin ƙungiyar bai wuce ba kowane hoto suna da lamba ba. Ba ta rubuta cewa goge yana nufin ba'a ba, kuma babu wani ƙamus da ya wajabta hakan. Masu amfani ne suka yi ta maimaitawa a tsakaninsu har ma'anar ta zauna, don haka duk wanda ba ya cikin waɗanda suka saba da ita zai fassara hoton da abin da ya sani tun yana yaro.

Wanda ya fi tayar mini da hankali cikin abin da Abba ya nuna mini shi ne ƙoƙon kan mamaci tare da begila (💀🎺). Ya ce a wurin matasa ƙoƙon kai yana nufin dariya ta kusa kashe mutum, haɗin kuma ya samo asali ne daga wani ɗan hoton barkwanci na intanet inda ƙwarangwal ke busa begila. Ni kuwa da na gani, abin da ya faɗo mini a rai shi ne busa ƙaho da tashin matattu, kuma na tabbata duk Musulmin da ya kai shekaruna haka zai gani. Ina roƙon ki kada wannan haɗi ya taɓa fitowa daga wayarki zuwa zauren gida, musamman da yake a can ake sanar da rashin lafiya da rasuwa, kuma saƙo kan faɗo a ƙarƙashin wanda ba shi aka yi niyyar amsawa ba.

Begilar ita kaɗai ma tana da fuska biyu. A wurinmu abin busa mai wannan siffa kakaki yake tunatarwa, wanda ba a busa wa kowa sai sarki, saboda haka idan kika aika wa Kawunki begila da tafi lokacin da aka ƙara masa girma, zai ɗauka kin karrama shi. Amma a Turanci busa wa kai begila yana nufin yabon kai, kuma wasu kan liƙa ta a ƙarƙashin maganar mai cika baki domin su nuna masa sun gano shi. Idan abokan karatunki suka sa miki ita bayan kin ba da labarin wata nasara, ki duba abin da ke tare da ita kafin ki yi godiya.

Ganga ce kawai na ga mun yi kusan daidai da su. Jerin ganguna uku (🥁🥁🥁) yana nufin a saurara, ga babban labari nan tafe, kamar dai yadda mai shela ke kaɗa ganga kafin ya faɗi saƙon sarki. Ganga ɗaya bayan magana kuwa tana nuna cewa barkwanci aka yi, domin a wuraren wasan ban dariya makaɗi kan buga ganga da zarar an saki zolaya. Wannan ganga ba ta shigo waya ba sai 2016, doguwar ganga mai kama da ta Afirka (🪘) kuma sai 2020. Na daɗe ina kallon wannan ta biyun ina tunanin yadda mu muka raba ganguna, tambari na sarki, kalangu na mahauta, gangar noma ta manoma, kowace da ma'abotanta da sautinta, ga shi waya ta tattara su a hoto ɗaya. Ko banjo da aka ƙara a 2019, wanda asalinsa ke komawa ga kayan kiɗa masu tsirkiya da bayin Afirka ta Yamma suka tafi da iliminsu ƙetaren teku, mahaifiyarki da ta gani cewa ta yi gurmi ne, kuma ban ga laifinta ba.

Akwai kuma makirufo da kibiya mai kallon ƙasa (🎤⬇️), wanda ke kwaikwayon mai jawabi da ya saki makirufo ya faɗi ƙasa domin ya nuna ba sauran abin cewa bayan nasa, kamar yadda Barack Obama ya yi a ƙarshen jawabinsa na liyafar 'yan jaridar fadar White House a 2016. Tsakaninki da sa'o'inki ba komai ba ne. Amma kin san a gidanmu ƙarami ba ya rufe magana a gaban babba ko da shi ke da gaskiya, kuma hoton bai rage wa wannan rashin ladabi komai ba don kawai ba a furta shi da baki ba.

Sauran ba sa buƙatar dogon bayani. Jita da hannu mai yatsu biyu a miƙe (🎸🤘) jinjina ce ta masu son kiɗan rok, abin sauraro na kunne (🎧) yana nufin mutum yana jin waƙa ko ba ya son a dame shi, alamar sauti (🎶) a farkon jimla da ƙarshenta kuma tana nuna cewa kalmomin na wata waƙa ne. Wannan na ƙarshe ki riƙe shi da kyau, domin idan wani saurayi ya aiko miki da kalamai masu daɗi a tsakanin waɗannan alamu, ya bar wa kansa ƙofar cewa waƙa kawai yake rerawa ranar da aka nemi ya tsaya a kan maganarsa. Mai niyyar gaske ya san hanyar gidan Kawunki.

Wani abu da ban sani ba sai yanzu shi ne hoton da kika aika ba lalle ne shi ya isa ba, domin kowane kamfani yana zana nasa, tsohuwar waya kuma ba ta gane sababbi. Sarewar da aka ƙara a 2022, wadda kika sa a saƙon barka da Sallah, a wayar Hajiya Kaka ɗan akwati fanko ta fito, har ta tambayi Abba ko wani abu kika turo mata da bai buɗe ba.

Saboda haka abin da nake so ki yi shi ne ki kira Sadiƙu ki yi masa jaje da bakinki, sannan ki gaida Gwaggonki ki bayyana mata cewa wasan taubasantaka ne. Na riga na ba shi wani abu ya ƙara a kuɗin gyara, ba sai kin tayar da wannan zancen ba. Ki sanar da mu ranar da za ku fara jarrabawa domin mu sa ki a addu'a. Allah ya yi miki albarka, ya tsare mana ke.

Mahaifinki