Rahoton ayyukan shekara ga mambobin ƙungiyarmu ta ƴan kasuwa da masu riƙe lissafi, Maraɗi

Assalamu alaikum. Alhazai da hajiyoyi, iyayen ƙungiya, malamai masu riƙe littafi, da ƙannenmu yaran shago, barkanmu da ganin ƙarshen shekara. Jadawalin kuɗin shiga da fita yana hannun ma'aji, shi zai karanta shi da bakinsa. Nawa shi ne in faɗi abin da muka yi da abin da ya gagare mu.

Da gida zan fara, don a gida tuntuɓen ya same mu. Kwamitin bincike da babban taro ya zaɓa bara ya buɗe kes ɗin ƙungiya ba tare da sanarwa ba, ya ƙirga, ya tarar kuɗin da ke ciki bai kai abin da littafi ya nuna ba. Kun ji maganar a gari, wasu sun ji ta da ƙari. Ga yadda take. Mutum ɗaya ne ke riƙe da mabuɗin kes, shi ke yanka rasit, shi ke rubuta littafi. Da aka bi sawu, sai ga kuɗin ta'aziyya da aka kai gidan wani mamba, ga kuɗin mota zuwa Tasawa, ga rancen da aka ba wani ɗan'uwa da kayansa suka maƙale a Ɗan Isa. Dukansu da izinin biro aka fitar da su, amma izinin baki ne ta waya, babu ko guntun takarda. Ba a ci ko dala ba. Sai dai kafin gaskiya ta fito, dattijon da ya yi mana hidima shekara da shekaru ya yi makonni ba ya iya ɗaga kai a masallaci. Wannan ya ƙona mini rai, kuma laifin namu ne mu ƴan biro, har da ni, da muka ɗora wa mutum ɗaya kayan mutum uku muka ce wai yarda ce.

Tun daga nan muka raba hannu. Ma'aji na riƙe kuɗi, wani daban na rubuta littafi, kuma ba a fitar da ko jika ɗaya sai da sa hannun mutum biyu. Rasit ɗinmu yanzu masu lamba ne a jere, wanda ya ɓaci ba a yage shi, a bar shi cikin littafin a ja masa layi. Ƙarshen kowane wata ana karɓo takardar banki a gwada ta da littafinmu layi bayan layi, kuma mai gwadawar ba ya cikin masu taɓa kuɗi. Mun kuma fara daidaita littattafanmu da tsarin lissafin ƙungiyoyin da ba na neman riba ba, wanda OHADA, ƙungiyar daidaita dokokin kasuwanci a Afirka, ta amince da shi a Yamai a Disamban 2022, ya fara aiki ranar 1 ga Janairun 2024.

Aikin da ya fi cin lokacinmu shi ne zagayen shaguna da mangazu, daga babbar kasuwa zuwa Sabon Gari da Ali Ɗan Sofo. Kusan ko'ina amsa ɗaya muke samu: "Yaron nan ɗan ƙanwata ne, in ƙirga kaya a gabansa ai na ce masa ɓarawo ke nan." Mun fahimci nauyin wannan magana, kasuwancin Maraɗi a kan zumunci da amana ya ginu. Abin da muke ce wa alhazai shi ne ƙirga ta fi kare yaron fiye da ubangidan. Ranar da buhu ya ɓace a mangazar da ba a rubutu, kowa abin zargi ne, kuma a kan wanda ya fi rauni zargin ke sauka. Muna kuma tuna musu cewa ayar da ta fi kowace tsawo cikin Alƙur'ani, ta 282 a Suratul Baƙara, umarni ce da a rubuta bashi a kafa shaidu, kuma muminai aka faɗa wa.

A mangazun wake da aya da riɗi mun sa katin kaya: abin da ya shigo, abin da ya fita, abin da ya rage, da sa hannun mai karɓa. Asarar da muka fi gani ba ta buhu sukutum ba ce. Tiya ce ke zurarewa kaɗan-kaɗan, wajen sake awo, wajen ƙwari, wajen "ɗan na cefane" da ba a rubutawa. Mun koyar da cewa kada a biya mai kawo kaya sai an haɗa takardu uku sun yi daidai, ta oda, ta karɓar kaya, da faktir. Wani mamba ya gano ta haka ya biya lodi ɗaya sau biyu, kuma da ya nuna takardun aka mayar masa da kuɗinsa ba tare da rigima ba.

Masu hulɗa da Jibiya da Katsina da Kano suna da tasu matsalar. Sefa a ɗaure take da yuro, kusan sefa 656 kowane yuro ɗaya, naira kuwa tun 2023 tana iya sauya farashi tsakanin safe da la'asar. Wanda bai rubuta farashin da ya yi canji a ranar saye ba, zai ga kamar ya ci riba alhali uwar kuɗi yake ci. Rufe iyakarmu da Nijeriya bayan Yulin 2023 har zuwa Maris 2024 ya bar basussuka da yawa da ba su da shaida sai ƙwaƙwalwa, har yau muna sasanta wasu. Sai kuɗin da ake turowa ta waya. Yawancinsu a lambar yaro suke sauka, su cakuɗe da nasa. Shawararmu ita ce shago ya mallaki lambarsa, a kwafe saƙonnin cikin littafi kowane dare.

Zaman horo kan doka ya samu jama'a fiye da zatonmu. An bayyana cewa sabon SYSCOHADA, wato tsarin lissafin kamfanoni na OHADA, yana aiki tun 1 ga Janairun 2018 a ƙasashe 17 na OHADA, cewa takardun lissafi ana ajiye su shekara 10, kuma ana rufe bayanan kuɗin shekara cikin wata 4 bayan ƙarewarta. Ɗan kasuwar da cinikinsa bai kai sefa miliyan 60 a shekara ba yana iya bin ƙaramin tsari na shiga da fitar kuɗi. Ga masu sana'ar hannu iyakar miliyan 40 ce, ga masu aikin hidima miliyan 30. Kamfanin SARL kuwa, wato wanda alhakin masu shi bai wuce jarin da suka zuba ba, dole ya ɗauki mai binciken lissafi na waje idan ya cika biyu cikin sharuɗɗa uku: dukiya sama da miliyan 125, ciniki sama da miliyan 250, ko ma'aikata na dindindin fiye da 50. Irin wannan bincike aikin ƙwararrun da ke rajista a ONECCA ne, ƙungiyar ƙwararrun masu lissafi ta ƙasa. Kwamitinmu na cikin gida ba ya maye gurbinsu, kada wani ya kai takardarmu banki ko ofishin haraji da sunan ta ƙwararrun ce.

Inda muka gaza a bayyane yake. Mun yi wa iyayenmu mata masu man gyaɗa da ƙuli-ƙuli alkawarin zama na musamman, ba mu cika ba, alhali su ne suka fi kowa ba da kaya bashi. Dakoro da Mayayi ba mu taka ba. Littafin lissafin da muka buga da Faransanci ne kawai, dattawa da dama suka ajiye shi suka koma wa nasu na ajami, kuma suna da gaskiya.

Don haka biro na neman amincewarku kan a sake buga littafin da Hausa, boko da ajami, a kuma fara zaman mata kafin azumi. Ƙirgar kayan ƙarshen shekara ranar 31 ga Disamba ce. Mai son a turo masa mutum biyu su tsaya masa shaida ya ba da sunan shagonsa kafin a tashi taron nan.

Magatakardan ƙungiya, a madadin biro