Takardar Koke Kan Halin da Tsofaffinmu Ke Shiga a Lokacin Hunturu

Zuwa ga Mai Martaba Sarkin Zazzau, Malam Ahmed Nuhu Bamalli,
ta hannun masu unguwanninmu da hakimai.

Assalamu alaikum wa rahmatullah.

Allah ya ja zamanin Sarki. Bayan gaisuwa da biyayya, mu talakawan Sarki mazauna cikin birnin Zariya, daga Kwarbai da Kaura da Limancin Kona da wajen Ƙofar Gayan, muna kawo kuka a madadin iyayenmu da kakanninmu waɗanda ƙafarsu ba ta iya kawo su fada.

Iska ta riga ta juya, hazo ya fara sauka. Daga tsakiyar Disamba zuwa ƙarshen Janairu, awon sanyi kan sauko ƙasa da digiri 15 da asuba a garin nan. Matashi zai ja mayafi ya ci gaba da barcinsa. Jikin tsoho kuwa ya daina tara ɗumi kamar da, kuma sau da yawa ba ya ma jin sanyin ya shige shi sai ya yi masa illa. Likitoci sun daɗe suna faɗa cewa sanyi na tsuke hanyoyin jini, hawan jini ya ƙaru, daga nan sai shanyewar ɓarin jiki. Ga ƙurar da ke tayar da asma da ciwon haƙarƙari. Kuma wannan tsohon shi ne zai riga kowa tashi ya yi alwala da ruwan randa.

Ranka ya daɗe, abin da ya fi tayar mana da hankali shi ne kaskon gawayi. A da, ɗakin soro mai kaurin bango yana riƙe ɗumin rana har cikin dare, wasu tsofaffin ma suna da gadon ƙasa da ake sa wa garwashi a ƙarƙashi. Yau yawancinsu a ɗakin bulo da kwano suke, wanda ke yin sanyi da zarar rana ta faɗi. Tsohuwar da ba ta da bargo ba ta da wata dabara illa ta shigar da kasko, ta toshe taga da tsumma, ta ja ƙofa. Gawayin da ke ci a rufaffen ɗaki yana fitar da iska mai guba da ba ta da wari ko launi. Mutum zai ji kasala da ciwon kai, ya ɗauka barci ne, ya kwanta. Wani kuma gefen zaninsa ne zai taɓa garwashi, ba shi da ƙarfin tashi ya kashe. Ba ma ganin laifinsu, domin duk wanda ya kwana a tabarma kan siminti cikin jaura ya san abin da ya sa suke yin haka. Tun da aka cire tallafin man fetur a watan Mayun 2023 farashin komai ya tashi, har bargon gwanjo ya fi ƙarfin mai jiran abin da maƙwabta za su miƙo masa.

Roƙonmu na farko, kuma shi ne ginshiƙin sauran, Sarki ya umarci kowane mai unguwa ya rubuta sunayen tsofaffin da ke kwana su kaɗai: matan da mazajensu suka rasu, makafi, da waɗanda 'ya'yansu suka tafi neman abinci Kudu. Mai unguwa ya san kowace ƙofa. Galibin mabuƙatan nan masu kunya ne, ba za su fito layin rabon kaya ba ko da za su kwana suna rawar ɗari, shi ya sa kayan tallafi ke ƙarewa a hannun masu ƙarfin turereniya. In akwai sunaye, matasanmu a shirye suke su kai bargo da rigar sanyi da safa da hula har ɗaki bayan Magariba, ba tare da kyamara ba, su kuma riƙa leƙawa da safe da ruwan zafi da koko.

Muna kuma roƙon fada ta yi wa attajiran Zazzau da 'yan kasuwar Sabon Gari magana su kawo gudummawa, don kiran Sarki ba ɗaya yake da namu ba. Limaman Juma'a su ware huɗuba guda kan haƙƙin maƙwabci tsoho, su faɗa ƙarara cewa a gasa ɗaki, a fitar da kasko kafin a kwanta.

Akwai kuma haƙƙin da doka ta riga ta tanada. Dokar lafiya ta ƙasa ta 2014 ta kafa asusun kula da lafiya a matakin farko don marasa ƙarfi, tsofaffi na cikinsu, amma da yawa daga iyayenmu ba su taɓa jin labarinsa ba. Sarki ya sa baki ƙaramar hukuma ta turo ma'aikatan lafiya unguwa-unguwa su yi musu rajista, su auna jininsu kafin sanyi ya tsananta.

Muna neman izinin turo wakilanmu fada tare da masu unguwanni cikin makon nan, domin a fara rubuta sunaye kafin Disamba ta kama.

Allah ya ƙara wa Sarki lafiya da nisan kwana, amin.

Mu ne talakawan Sarki,
mazauna unguwannin birnin Zariya.