Makaho ma yana da sirrin PIN ɗinsa

Malam Edita, assalamu alaikum, don Allah a ba ni ɗan fili in yi magana kan yayana da ire-irensa.

Yaya ya rasa ganinsa sanadin hawan jinin ido, turare yake sayarwa a ƙofar gida nan Gwammaja. Mun saya masa 'yar Android a kasuwar waya ta Farm Centre, ta yi wata da watanni sai dai a kira shi ya ɗauka, har wani yaro da ya yi makarantar masu buƙata ta musamman ta Tudun Maliki ya zo ya kunna masa TalkBack, ashe tana cikin wayar tun asali kuma kyauta ce. Ka ɗora yatsa ta faɗa maka abin da ka taɓa, ka ƙwanƙwasa sau biyu ta buɗe. Ranar da ya lalubo lambata da kansa ya turo min sakon murya a WhatsApp yana cewa "ƙanena ka ji ni dai ko", wallahi sai da na yi hawaye a cikin adaidaita.

To amma banki fa? Tun wahalar kuɗin nan ta farkon 2023 kwastomominsa suka koma taransifa, shi kuma manhajar bankinsa in ya taɓa sai wayar ta yi ta cewa botin, botin, wato maɓalli, ba sunan komai saboda waɗanda suka haɗa ta ba su sa ba, in ya gwada lambar USSD kafin muryar ta gama karantowa ta katse, ATM ɗin unguwarmu kuwa ba ya magana. Ƙarshe sai dai ya raɗa wa yaron POS lambar sirrinsa a kunne. Magidanci mai 'ya'ya biyar! Abin nan yana ci min rai.

A Janairun 2019 Buhari ya sa hannu a dokar hana nuna wa masu buƙata ta musamman wariya, aka ba da shekara 5 a gyara gine-gine, wa'adin ma ya wuce. Mutane sun ɗauka gangaren keken guragu ne kawai maganar, ni a ganina manhajar banki ma ƙofa ce. Ya kamata Babban Bankin Najeriya ya tilasta wa bankuna su gyara mana.

Sannan muryar da ke wayar Yaya in ta zo kan Hausa kwaɓa ta take, dole sai an maimaita masa. Ɗalibanmu na kwamfuta a BUK, ga aiki nan. Ku kuma 'yan Farm Centre, in makaho ya zo sayen waya ku kunna masa TalkBack kafin ya bar shagon, ko minti biyar ba za ta ci muku ba.

Naku,
Mai karatu daga Gwammaja, Kano