Zafi da raɗaɗin tafin ƙafa: a yi gwaji kafin a sha magani

Malam Edita,

Assalamu alaikum. Ka ba ni fili in ja hankalin 'yan'uwa mazauna Agege, Mile 12 da Idi-Araba kan ciwon da ke sa tafin ƙafa zafi kamar an taka garwashi, ko mutuwar yatsu, musamman da dare. Da yawa suna cewa sanyi ne, su yi ta shan maganin ciwon jiki diclofenac, alhali wannan ciwon jijiya ne, kuma maganin ba ya kashe shi, ga lahanin da yake yi wa ƙoda da ciki.

Idan ƙafafu biyu ne, kuma daga yatsu ya fara yana hawa, ciwon suga ake fara zargi. A auna suga kafin karyawa; idan awon ya nuna 126 mg/dL ko fiye, kuma ya maimaitu, ciwon suga ne. A gwajin jini na HbA1c kuwa, mai nuna matsakaicin suga na 'yan watannin baya, daga kashi 6.5 cikin ɗari ne ake cewa ciwon suga ne. Sai a duba sinadarin bitamin B12, domin wanda ya daɗe yana shan maganin suga metformin yakan rasa shi. Maganin tarin fuka isoniazid ma yana taɓa jijiya, shi ya sa ake haɗa shi da bitamin B6. Giya, ciwon ƙoda da ƙanjamau suna cikin dalilai. In ƙafa ɗaya ce, a duba ƙashin baya.

Inda ake ruɗewa shi ne gwajin jijiya na lantarki: manyan jijiyoyi kawai yake aunawa, don haka yakan nuna lafiya lau alhali ƙanana ne suka lalace. Kada a ce wa mai ciwon raki yake yi. A tura shi ga likitan jijiya a asibitocin koyarwa na Legas, LUTH ko LASUTH. Kafin nan, ya riƙa duba ƙafarsa kullum, kada ya yi tafiya babu takalmi.

Naka,
Wani ma'aikacin lafiya, Agege, Legas