Malamina ya ce in cire babin da na fi wahala a kansa

Assalamu alaikum Malama. Ina gaishe ki da masu sauraro, kuma don Allah a sakaya sunana.

Shekaranjiya malamin da ke duba kundina na digiri na biyu ya ci mini mutunci a gaban malamai da ɗalibai, har yanzu barci ya ƙi zuwa mini. Wai ni ce nake miƙa wa masu ƙaryata sauyin yanayi makami. Ni da na shiga wannan fanni don na yarda duniya na ɗumama!

Aikina a kan El Nino da La Nina ne. Ruwan saman tekun Pasifik, wajen layin da ya raba duniya biyu, yakan yi ɗumi (shi ne El Nino) sannan ya yi sanyi (ita ce La Nina), a tsakanin shekara 2 zuwa 7. Idan iskar da ke kaɗowa daga gabas ta yi rauni, ruwan ɗumi sai ya malala zuwa gaɓar ƙasar Peru da ke Kudancin Amurka, ɗumin kuma ya ƙara kashe wa iskar ƙarfi. Tun 1969 wani masanin yanayi mai suna Bjerknes ya bayyana haka. Abin da na yi kawai, na ɗauko manhajojin kwamfuta masu kwaikwayon yanayi, na gwada abin da suke fitarwa da abin da aka auna a tekun.

Kuma fa ban ce ba su da amfani ba, Allah shaida ne. A babi na biyu na yaba musu. Na rubuta yadda masana biyu, Cane da Zebiak, suka yi hasashen El Nino da manhajarsu a 1986 ya kuma tabbata. Amma shi bai karanta babi na biyu ba, na san bai karanta ba, kundin ya daɗe a teburinsa ƙura na hawa kansa. Babi na huɗu kaɗai ya buɗe, inda na nuna cewa zirin ruwan sanyin da ke gabashin tekun, manhajoji da yawa suna sa shi ya yi sanyi fiye da kima, suna kuma jan sa yamma sosai. Hadarin ruwan sama da ya kamata ya taru a arewacin layin da ya raba duniya, sai su raba shi gida biyu. Hasashen da aka yi kafin a wuce watannin Maris zuwa Mayu yakan yi rauni, shi ya sa a 2014 aka yi ta jiran babban El Nino bai zo ba sai 2015. Sannan tun wajen 1980 wani ɓangare na gabashin tekun sanyi ya ƙara, alhali yawancin manhajojin ɗumi suke nunawa. Wanne ne ƙarya a ciki? Masanan da suka ƙera manhajojin su da kansu suna faɗin haka.

Na manta ban gaya miki ba, akwai ƙawata da muke aji ɗaya. Ni na koya mata yadda ake sauko da bayanan, ni na zauna da ita kan La Ninar da ta jera daga 2020 zuwa farkon 2023. Ranar tana layin gaba, tana gyaɗa masa kai. Da muka fito ko kallona ba ta yi ba. Wallahi Malama wannan ya fi maganarsa ƙona mini rai, kuma zuciyata na raya mini ita ta fara kai masa zancen.

Yanzu ya ce ko in cire babin ko ba zai sa hannu ba. Mutum ne da ba ya son ƙaramin ɗalibi ya san abin da bai sani ba, kowa ya shaide shi da haka. Mahaifina ya ce in yi haƙuri in bi, tunda takarda nake nema. To in na cire, me ya rage a kundin? Na yi tunanin kai ƙara wajen shugaban sashe, sai dai abokinsa ne.

Malama, in tunkari ƙawar tawa in tambaye ta ko ita ce, ko in yi shiru har mu gama? Gobe ma za mu haɗu a aji.

Taki mai sauraro a kullum.